Ranar da Na-Arlit Ya Auna Lungu da Roba

Tun kafin motocin su iso maigidana ya sanar a majalisa cewa shi ba zai zaɓi mota da ido ba. Ya ce da ido ƙauyawa ke zaɓe, shi kuwa sai ya gwada. A garinmu, arewa kaɗan da Maijirgi, Na-Arlit ake ce masa, don ya taɓa zuwa Arlit sau ɗaya yana saurayi, a kan buhunan albasa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Tun daga lokacin babu wani abu mai taya huɗu da bai sani ba.

Ƙanensa Sirajo sana'ar motoci yake yi a Kwatano. Ranar Laraba ya kira a salula ya ce ya turo manyan a-kori-kura biyu za su Damagaram, ɗaya fara ɗaya ja, irin ƙattin nan masu ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya. Ya ce direbobin za su ratso garinmu ranar Asabar da safe, yayansa ya zaɓi ɗaya kyauta, ɗayar kuma ta kama hanya da la'asar don akwai mai jiranta. Da ya gama da yayan nasa sai ya ce a ba ni.

"Matar Yaya, ki shirya, an gama hawan amalanke."

Na ce, "Sirajo, ka san lungunmu kuwa?"

"A nan aka haife ni."

"Da aka haife ka babu rumbun hatsina a ciki."

Ya yi dariya ya kashe waya.

Lungun da ke shiga gidanmu daga filin masallaci amalanken jaki ke bin shi, shi ma sai mai jakin ya sauka ya ja a hankali. Hannun hagu katangar maƙwabcinmu Ahmadu ce. Hannun dama rumbuna ne, na zana, tsaye a kan ƙafafun itace shida, gaba da shi kaɗan kuma bishiyar bedi. Hatsin da ke cikinsa ba na gandu ba ne. Na gamanata ne, ƴar gonar da nake nomawa da hannuna, dami arba'in da ɗaya bana. Na gandu yakan ƙare tun ruwa bai sauka ba, daga nan nawa ake ci, daga ciki kuma nake aika wa ɗiyarmu Jamila da ke koleji a Tasawa.

Na ce, "Malam, motar a ina za ta riƙa kwana?"

"A ƙofar ɗakina."

"Ta ina za ta shigo?"

"Ramatu, akwai abubuwan da ba a koyarwa a aji huɗu."

Ni aji huɗu na yi a lakwal. Shi biyu ya yi, amma ya je Arlit.

Ranar Asabar da hantsi motocin suka tsaya a filin masallaci. Kowace ta fi zaurenmu tsawo, tayar kaɗai ta kai mini ƙugu. Garin ya fito kaf, har masu daka suka bar turmi. Direban farar wani siririn mutum ne mai suna Gazali. Na jar, Lamine, ya gaisa da mutane ya shimfiɗa kwali a inuwa ya kwanta. Maigida ya fito da shuɗiyar rigarsa ta salla, ya zagaya kowace mota sau uku hannu a baya, ya shuri taya.

Gazali ya ce, "Baba, kusan duk ɗaya ne. Farar ta fi faɗi, man gazuwal take sha. Jar man isansi take sha, ta ɗan fi gudu."

"Ban tambaye ka ba. Mota da kanta ke gaya wa mutum."

Ya aika a karɓo taɓaryata. Ya ce haka ya ga wani makanike yana yi a Arlit da sandar ƙarfe. Aka buɗe gaban farar aka tayar da ita, ya dafa kan taɓaryar a jikin inji, ɗaya kan kuma a kunnensa, ya lumshe ido. Injin yana girgiza, taɓaryar tana dukan kunnen kamar ana sussuka. Ya daure.

Ahmadu ya matso. Shi mutum ne mai raƙuma a da, yanzu awaki, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi.

"Na-Arlit, mi ta ce?"

"Ta ce ka yi shiru."

Aka koma kan jar. Nan taɓaryar ta zame ta sauka a kan babban yatsansa na ƙafa. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya ya dubi sama na ɗan lokaci.

"Na ji abin da nake son ji," in ji shi.

"Wace ta fi?"

"Kowace da irin muryarta."

Gwaji na biyu na ɗaukar kaya ne. Ya ce mazan majalisa duka su hau bayan farar. Suka hau, mutum ashirin da shida. Ya ce su sauko su hau jar. Suka hau, ashirin da shida. Ya ce ba a tsaya daidai ba, a sake. Aka sake sau uku, kunnen doki. A na huɗu Liman ya ce shi ba zai ƙara sauka ba, gwiwarsa ba ta gwaji ba ce, aka bar shi a bayan farar da carbinsa har rana ta kore shi.

Zara'u matar Ahmadu, wadda muke tsaye tare, ta ce mini, "Da ya tambaye ni, da na gaya mishi mazan garin nan ashirin da shida ne."

Gwaji na uku tuƙi ne. Maigida ya miƙa wa Lamine hannu a ba shi makullin jar. Lamine ya buɗe ido ɗaya ya nuna Gazali.

Gazali ya ce, "Baba, kana da permin tuƙi?"

"Yana Arlit."

"To, patoro Sirajo ya ce kada a hana ka komi."

Ya hau da ƙyar saboda yatsan. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya daɗe yana lalube da ƙafa.

"Ina kulocin?"

"Babu, Baba. Da kanta take canza giya."

"Na sani. Kai nake gwadawa."

Ya ce zai kai ta rijiya ya dawo, a ga yadda take cin rairayi. Rairayin ta ci shi lafiya. Sai dai a bakin rijiyarmu akwai wurin da ake shayar da shanu, inda ruwa ke kwanciya shekara da shekaru, kowane jaki a garin ya san ya kauce masa. Maigida ya nufe shi kai tsaye. Motar ta shiga ta nutse har rabin taya, ya ƙara taka mata, ta watsa wa matan da ke ɗiban ruwa laka ta ƙara nutsewa. Sai da aka kwance shanun nan biyu masu jan guga aka ɗaura mata, maza ashirin da biyar suna turawa, shi yana ciki yana murɗa sitiyari yana ba da umarni ta taga.

Da aka dawo fili ya sauko ya goge gilashin idonsa.

"Jar nan tana son ruwa. Na lura da wannan."

Ahmadu ya ce, "Shanun ma sun lura."

Aka yi azahar ba a zaɓi komi ba. Ni kuwa har na fara samun sauƙi. Na ce a raina in la'asar ta yi yana nan yana gwaji, wataƙila duka biyun su tafi. Sai ga kiran Sirajo. Maigida ya buɗe muryar salular don jama'a su ji.

"Yaya, ka zaɓa?"

"Saura gwaji ɗaya. Wadda ta shiga gidana ita ce tawa."

Na ruga gidan Sadiya mai ɗinki na aro metir ɗinta, na kawo masa na ce a auna lungun tukuna. Ya riƙe shi da yatsa biyu ya dube shi.

"Wannan na auna wuyan riga ne."

Ya je wurin amalankenmu ya kwanto robar da muke ɗaure kaya da ita, irin wadda ake yankowa daga tsohon shambur na taya. Ya durƙusa a wurin da lungun ya fi matsewa, ya auna daga katangar Ahmadu zuwa ƙafar rumbuna, ya ƙulla ƙulli a wurin. Ya ɗaga robar sama kowa ya gani.

"Ga faɗin lungu. Ku shaida."

Aka shaida. Ya je gaban jar ya ba Ahmadu kan robar ya riƙe a gefe ɗaya, shi ya tafi da ƙullin ɗaya gefen. Ƙullin bai kai ba, da sauran kamar tafin hannu biyu. Ya ja. Ya kai.

"Jar ta shiga."

Na ce, "Malam, roba fa miƙewa take."

"Shi ya sa na ɗauko ta. Igiya ba ta da sassauci."

"Amma lungun ba ya miƙewa."

"Ramatu, ki bar aikin maza."

Aka koma kan farar. Nan ƙullin ya gaza da kusan kamu guda. Maigida ya naɗe hannun riga, ya dafa ƙafarsa mai lafiya a jikin taya, ya ja har robar ta koma siririya kamar taliya. Jijiyar wuyansa ta fito. Ƙullin ya taɓa gefen motar.

"Ta shiga, har da saura."

Ahmadu ya ce, "Ƙara ja kaɗan mu auna har Tasawa."

Daga faɗin haka robar ta kuɓuce daga hannun Ahmadu ta tafi ta sami maigida a kunnen nan da taɓarya ta fara taɓawa. Aka ji ƙarar har bakin masallaci.

"Hannuna ya yi zufa," in ji Ahmadu.

Maigida ya dafe kunnen ya yi bayani. Ya ce tunda duka biyun sun shiga a awo, da babbar za a fara, in ta wuce ba sai an wahalar da ƙaramar ba.

Gazali ya je ya tsaya a bakin lungun ya buɗe hannuwansa biyu, ya dawo.

"Baba, wallahi ba ta shiga. Ina gani da idona."

"Da ido ƙauyawa ke gani."

Gazali ya fito da salula zai kira Sirajo, babu rezo. Ya hau bayan mota ya ɗaga ta sama, babu. Kafin ya sauko maigida ya riga ya shiga gaban farar, makullin kuwa yana jiki tun gwajin taɓarya.

Na je na tsaya gaban rumbuna.

"Malam, ka bari in kwashe hatsin tukuna."

"Kafin ki kwashe dami arba'in la'asar ta yi."

"Da ɗaya."

"Mi?"

"Arba'in da ɗaya ne."

"Ko kan zangarniya ɗaya ba za ta taɓa ba. Kauce."

Zara'u ta kama hannuna ta janye ni. Ta ce hatsi ana sake shuka shi, ƙafa kuwa biyu ce kawai.

Motar ta sa kai cikin lungun. Madubin hagu ne ya fara tafiya, ya faɗi a gindin katanga. Daga nan aka fara jin ƙara irin ta kankarar ƙanzo a tukunya, sai dai tukunyar ta kai girman ɗaki. Gazali yana biye da ita a baya hannu a ka yana cewa, "Dusuma, Baba, a hankali. Tsaya haka nan." Maigida ya leƙo ya ce ƙarar ta fenti ce kawai, sabuwar mota dole ta saba da gida. Gaban ya wuce rumbun da ƙyar, yana tsefe zana. Sai tayar baya ta iso. Ta ɗauke ƙafar rumbu ta farko, ta ɗauke ta biyu, ta uku ta karye da kanta.

Kwana uku ina ganin faɗuwar rumbun nan a raina, hatsi warwatse a ƙasa, awakin gari a kai. Ba haka ya faɗi ba. Ya yi kamar tsohuwa za ta zauna a kujera. Ya karkata, ya ɗan tsaya, sannan ya sauka cikin bayan motar a hankali da jinkarsa a ka. Zangarniya kamar goma ce ta zube, kaji suka ji da ita. A daidai lokacin gefen motar ya sami bedi, ta tsaya.

Liman ne kawai ya ce, "To."

Maigida ya tura ƙofar hagu, katanga. Ya ja jiki ya tura ta dama, gindin bedi ya tokare ta. Ƙofofin baya ma haka, ɗaya katanga ɗaya sauran ƙafafun rumbu. Sai ta taga. Ya turo kai da kafaɗu, ciki ya tsaya. Maza huɗu suka kama hannuwansa suka ja. Ya fito, rigar salla ta zauna a ciki, ta maƙale a sandar giya. Ya miƙe a tsakiyar jama'a da singileti da takalmi ɗaya, kunne ya kumbura ya yi kamar ƙosai. Ya zagaya ya dubi bayan motar.

"Kun gani? Ta ɗauki rumbu guda ko tsugunawa ba ta yi ba. Jar ba za ta iya wannan ba."

Ina ƙirga dammunan da nake iya hangowa ta wurin da zanar ta yage.

Gazali ya ce a jawo ta baya. Ya tashi Lamine, aka kawo jar da lakarta aka ɗaura igiyar guga tsakaninsu, shi kuma da yake siriri ne ya zura ta taga ya kama sitiyari. Lamine ya ja. Farar ta motsa kamar taku ɗaya. Katangar Ahmadu ta tsage daga sama har ƙasa, wani ɓangare ya faɗa ciki, sai ga madafar Zara'u a fili, tukunyar miya a kan murhu, awaki tara suna kallonmu. Suka fito ɗaya bayan ɗaya ta kan ɓaraguzan suka nufi kasuwa. Rumbuna ya yi lilo a bayan motar, na ji kamar ni ake girgizawa.

Zara'u ta ce, "Miyar kuka ce, tunda kowa ya gani."

Ahmadu ya shiga gida ta sabuwar ƙofar, ya fito da buzunsa na salla, ya shimfiɗa tsakanin motocin biyu a ƙarƙashin igiyar, ya zauna.

"Sauran katangar motar nan ke riƙe da ita. Bayan katangar ɗakin Zara'u ne. Wanda zai ƙara ja sai ya fara bi ta kaina."

Maigida ya ce, "Ahmadu, ba ka san kanikanci ba. In aka ja ta a karkace..."

"Na-Arlit, ka je ka sa riga."

Gazali ya kashe injin ya fito ta taga da makullin a hannu. Maigida ya miƙa hannu. Ni na fi kusa. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba, sai dai na ga ina ƙulle makullin a bakin zanena, ƙulli biyu.

"Ramatu, ba ni."

"In hatsin ya ƙare."

"A gaban mutane?"

"A gabansu aka auna."

Liman ya ce magana ta yi, motar ta zauna inda take har hatsi ya ƙare a kuma yi wa Ahmadu sabon gini. Daga nan ya dubi rana ya ce a kira la'asar. Ana cikin kiran salla rezo ya dawo, salular maigida ta yi ƙara a cikin rigar da ke cikin motar. Gazali ya sake zurawa ya ɗauko masa.

"Yaya, lokaci ya yi. Wace ce?"

Maigida ya gyara tsayuwa ya dubi jama'a.

"Farar. Na gwada su ta ko'ina, farar na zaɓa."

"Madalla. Yaya ka gan ta?"

"Zaune take daram."

Gazali da Lamine suka kwance igiyar guga suka mayar wa masu ita, suka shiga jar suka kama hanyar Damagaram. Gazali bai waiwayo ba.

Yau wata guda ke nan. Lungun ya toshe, don haka ta gidan Ahmadu muke shiga namu, ta wurin da katangar ta faɗi. Duk sanda maigida zai shiga gidansa sai ya yi wa Ahmadu sallama, Ahmadu kuma yakan ɗan jinkirta kafin ya amsa. Ni kuwa ban taɓa samun rumbu irin wannan ba. Gara ba ta hawa taya, ɓera ma ya gwada ya bari. Ta kan tayar baya nake takawa in ɗebo abin da zan sussuka. Ran nan wasu mutanen Kanan-Bakashe da suka zo ta'aziyya suka tsaya kallo, maigida ya shiga ta taga ya zauna a sitiyari ya yi musu bayanin yadda ake zaɓen mota, ya ce kada su yarda da ido.

Ya ba da umarni bana a fara cin hatsina kafin na gandu. Na lura kuma yanzu kwano biyu yake ci da rana, da safe ya nemi ƙarin fura, yana gamawa ya je ya leƙa ta yagewar zanar ya ga inda aka kwana. Bai san dawar gamanata ta nuna ba. Jiya yana majalisa muka kwaso ta da Zara'u muka zuba a kai, dami goma sha tara.